Rantsuwar Mai Guga

"Auta, miƙo hannunki mu gani!"

Yaya ce ta faɗa, tana kishingiɗe a doguwar kujerar falon Umma. Auta ta ajiye tiren shayi, ta miƙa hannun ba tare da ta san dalili ba. Yaya ta juya shi ciki da baya kamar mai taya kaya a kasuwa, sannan ta kwashe da dariya.

"Umma, dubi ikon Allah! Wata goma da aure, hannu ya koma soson ƙarfe. To ai dole, matar mai wanki ce!"

"Inji ne ke wankin, Yaya. Ni ninki kawai nake yi da maƙala lamba."

"Ji ta, wai inji! Har da wani fari da ido."

Umma ta ja tsaki, ta ce ita dai ba haka ta so wa autarta ba. Abba yana gefe, jarida ta rufe masa fuska. Bai ce uffan ba, kamar yadda ya saba.

Lokacin da aka ɗaura auren, mijin Auta injiniya ne a wani kamfani, kowa a gidan Injiniya yake ce masa. Wata biyu bayan biki kamfanin ya rufe. Ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya siɗe, daga bisani ya sayar da motarsa, ya sayi injin wanki biyu da dutsen guga mai tururi, ya kama shago a bakin titi. Tun daga ranar sunansa ya koma Mai-guga a bakin dangin matarsa. Auta kaɗai ta riƙe tsohon sunan.

Abin da ta kasa gaya musu shi ne, mijinta ya fi walwala yanzu. Da can yakan dawo daga ofis fuska a murtuke, ya kwanta ko takalmi bai cire ba. Yanzu kuwa yana guga yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. In inji ya lalace shi ke kwance shi ya ɗaura. Wani lokacin ya ɗaga farar riga sama ya ce, "Amarya, dubi nan. Mutum ya kawo maka datti, ka mayar masa da abin da zai shiga taro da shi kansa a sama. Wane ofis ne zai ba ni wannan?"

Yana da doka ɗaya a shagon wadda ba ya sassautawa. Kafin kaya su shiga ruwa sai ya laluba kowane aljihu da kansa. Abin da ya samu, ko maɓalli ne, sai ya sa a ambulan ya liƙe, ya damƙa a hannun mai kayan. Ba ya ba matar mai kayan, ba ya ba ɗan aike. "Aljihun mutum ɗakinsa ne," in ji shi, "mu kuma an bar mana ƙofa a buɗe."

Mijin Yaya kuwa shi ne abin alfaharin gidan. Darakta ake ce masa. Ko ana zafi kamar a gasa mutum ba ya rabuwa da kwat. Duk Litinin Yaya takan jibgo kayansu a bayan mota ta kawo shagon, ta ce da ƙarfi don kwastomomi su ji, "Tunda Allah ya ba mu mai wanki a dangi, me zai kai mu wani wuri?"

Wata Laraba da hantsi, shago cike da mutane, Auta tana ninke zannuwan gado, sai ga motar Yaya ta ci birki a ƙofa. Ta fito, Umma na biye da ita.

"Ina sarƙata?" in ji Yaya.

Injiniya ya taso. "Sannunku da zuwa. Umma, ina kwana—"

"Riƙe gaisuwarka! Sarƙata ta zinare. Darakta ya sa ta a aljihun baƙar kwat ɗinsa zai kai a gyara makullinta, ya manta, na kawo kwat ɗin nan. Sai jiya ya tuna. Ina take?"

Auta ta dubi mijinta. Ba tsoro ta gani a fuskarsa ba. Kamar dai wanda aka taka wa miki ne, yana ƙoƙarin kada ya yi ƙara.

"Babu sarƙa a aljihun, Yaya."

"To me ke ciki?"

Injin wanki na ta juyi a bayansa.

"Abin da na samu na damƙa wa mai shi."

"Mene ne shi?"

"Shi za ki tambaya."

"Na tambaye shi! Ya ce ko tsinke ba ka ba shi ba. Jama'a, ku zo ku ga ɓarawo! Ku da kuke kawo masa kaya, ku je ku duba abin da kuka rasa!"

Kafin kowa ya motsa Yaya ta zagaya bayan kantar shagon, ta fara fizgo kaya daga hanga tana watsarwa. Fararen riguna da aka goge tun safe suka zube ƙasa, ta bi ta kansu da takalmi mai tsini. Ta zazzage durowa, ta kifar da kwandon lambobi. Maƙwabta suka cika ƙofa, wasu har da ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo. Wata nas da ke kawo fararen kayan aikinta duk mako ta ce a ba ta nata haka nan a jiƙe, ta zuba a leda ta fita ba sallama. Wani dattijo ya girgiza kai, ya bi bayanta.

Shi kuwa yana tsaye, hannuwansa a baya.

"Auta, ɗauko mayafinki," in ji Umma. "Ban haifi 'yar da za ta zauna da ɓarawo ba."

Auta ta shige ɗakin baya inda mayafin yake, ya biyo ta. Ta riƙe gaban rigarsa da hannu biyu.

"Injiniya, ka gaya min ni kaɗai. Me ka gani a aljihun nan?"

"Ban ɗauki sarƙa ba, Amarya. Wannan kam ki riƙe."

"Na sani! Amma me kake ɓoyewa?"

"Na rantse da Allah ba zan faɗa ba."

"Wa ka rantse wa?"

"In na gaya miki wannan ai na faɗa kenan."

"Ko da za a raba mu?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya cire hannuwanta daga rigarsa a hankali, ya ɗauko mayafin ya yafa mata da kansa.

"Bi Umma. Kada ki yi musu da mahaifiyarki a gaban mutane."

A gida aka karɓe wayarta. Da yamma mijin ya zo, ya durƙusa a gaban Abba, ya maimaita abin da ya faɗa a shago, bai ƙara ba bai rage ba. Abba ya sauke jarida, ya dube shi ya daɗe.

"Na ba ka wata guda. Ko sarƙa, ko bayani. In wata ya cika babu ko ɗaya, ka aiko mata da takardarta."

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba za ta manta da su ba har ta mutu. Ba dukanta aka yi ba, da ma dukan ne da ya fi sauƙi. In ta shigo falo, sai Yaya ta janye jakarta ta rungume, ta ce, "Yi haƙuri, ƙanwata, ban san iyakar abin da aka koya miki a can ba." Umma ta fara kulle durowar ɗakinta tana ɗaure makullin a bakin zani, a gidan da aka haifi Auta, a ɗakin da ta koyi rarrafe. In baƙi suka zo, sai a ce ta kawo ruwa, tana juya baya a fara ƙus-ƙus. Wata ƙanwar Umma ma ta kunna bidiyon shagon a gabanta, ana ta dariyar yadda Mai-guga ya tsaya kamar gunki.

Duk Lahadi Darakta yakan zo cikin kwat ɗinsa, da ledar lemo da ayaba. Umma ta yi ta sa masa albarka, ta ce shi ne surukin da ake nunawa a taro. Auta ta lura ba ya haɗa ido da ita, kuma loma biyu yake yi ya ture faranti. Ta ɗauka ƙyamarta yake yi.

"Akwai wani abokin Darakta," in ji Yaya wata rana, tana tura mata hoto a waya. "Gidansa hawa biyu. Da zarar kin gama idda—"

"Yaya, da aurena fa!"

"Na kwana nawa? Ke dai fara gyara hannun nan."

Abin da ya fi ci mata rai ba su ba ne, shi ne. Ta san mutumin da ke bin kwastoma da gudu har bakin titi don ya mayar masa da maɓalli ba zai saci sarƙa ba. To amma wane sirri ne ya fi ta daraja a wurinsa? A kan sallaya takan yi kuka har dardumar ta jiƙe, rabi na kewarsa, rabi na haushinsa. Addu'arta ɗaya ce, safe da yamma: "Ya Allah, in yana da gaskiya ka bayyana ta. In ba shi da ita, ka ba ni ƙarfin rabuwa da shi, don ni ba ni da wannan ƙarfin."

Ranar kwana na ashirin da shida, maganin hawan jinin Abba ya ƙare, Umma ta aike ta kemis. Ta sayi maganin, ta tsaya a bakin titi da ledar a hannu. Bas ta zo ta tsaya a gabanta. Ba ta san lokacin da ta shiga ba.

Shagon ya rame kamar mai jinya. Hangogi reras babu kaya, inji ɗaya a kashe an lulluɓe shi da zani. Babu kowa a bayan kantar shagon. Sai ta jiyo muryarsa daga ɗakin baya, a natse, irin yadda ya koya mata ninki.

"A'a, ba haka ba. Kwala za ka fara, sannan hannu. Kada ka danne, bar tururin ya yi aikinsa."

Ta ɗaga labule.

Baƙar kwat na rataye a hanga. A gaban teburin guga, daga shi sai singileti, gumi na zuba, dutsen guga a hannunsa, Darakta ne.

Ledar magani ta faɗi daga hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me nake gani haka?"

Darakta ya ajiye dutsen, ya zauna a kan kwandon kaya. Mijinta na tsaye a gefe. Ya rame, wuyansa duk ƙashi.

"Ni zan faɗa," in ji Darakta, muryarsa na karyewa. "Wata biyar kenan da aka sallame ni daga aiki. Yayarki ba ta sani ba. Kullum in sa kwat in fita, in je in zauna a mota har yamma. Takardar sallamar ce a aljihun. Da ya kira ni ya ba ni ambulan, na riƙe ƙafarsa na ce ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ya rantse. Ya ce maimakon zaman mota in riƙa zuwa nan."

"Sarƙar fa?"

"Ni na sayar da ita, don kada gida ya gane. Da ta matsa min da tambaya, ƙaryar ta fito kafin in yi tunani. Wallahi na zaci za ta ce ta ɓace kenan, ta haƙura. Ban zaci—"

"Ba ka zaci ba!" Auta ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. "Kwana ashirin da shida kana zuwa gidanmu da lemo! Kana zaune ana kiran mijina ɓarawo, ana kulle durowa saboda ni, ana nuna min hoton wani namiji! Saura kwana huɗu a kashe min aure, kai kuma kana nan kana koyon kwala da hannu?"

Ta juya kan mijinta, hawaye na gudu a fuskarta.

"Kai kuma! Mutumin da ya yi maka wannan, shi ka buɗe wa ƙofa?"

"Sati biyu bai zo ba," in ji shi a hankali. "Sai ya dawo yana kuka, ba shi da wurin zuwa. Na san yadda zaman banza ke cin namiji, Amarya, na ɗanɗana. Kullum ina roƙonsa ya warware ni daga rantsuwar, kullum ya ce gobe zai sami aiki ya sayo wata sarƙar. Ni kuma sunan Allah na kama. In na sake shi don in tsira da ke, da wace fuska zan roƙe shi ya bar min ke?"

Haushin da Auta ta ɗauko kwana ashirin da shida ta neme shi a ƙirjinta, ta tarar rabinsa ya narke. Ta share fuska da gefen mayafi, ta tsinci ledar maganin, ta fuskanci Darakta.

"Shi ya rantse. Ni ban rantse ba. Amma ba zan riga ka ba, don mijin yayata ne kai, kuma maganar taka ce. Ina jiranka a gida zuwa la'asar. In aka idar da salla ban gan ka ba, zan faɗa, in kuma kawo Abba nan ya ga inda kake rataye kwat."

Ta koma gida, ta sha faɗan daɗewa, ba ta tanka ba. Azahar ta wuce. Aka kira la'asar, aka idar. Ta naɗe sallaya, ta nufi falo inda Umma da Yaya da Abba ke zaune. Har ta buɗe baki sai aka yi sallama.

Darakta ne, da riga mai gajeren hannu. Bai zauna a kujerar da aka saba ba shi ba. Ya durƙusa a tsakiyar kafet, ya ajiye takardar sallamar a gaban Abba, ya faɗi komai tun daga farko, kansa a ƙasa.

Yaya ce ta fara miƙewa.

"Ka bar ni na je na yi hauka a titi? Ka bar ni ana ɗaukata bidiyo a kan sarƙar da kai ka cinye? Matsiyaci! Wata biyar kana sa min kwat kana fita kamar mutumin kirki!"

"Ya isa," in ji Abba.

"Abba, ka bar ni in—"

"Na ce ya isa! Bakin nan naki ne ya sa mijinki ya gwammace ya zauna a mota wata biyar da ya gaya miki gaskiya. Ya yi ƙarya, ya yi zalunci, zai amsa a gaban Allah. Amma mu muka koya masa cewa a gidan nan wanda ya rasa ofis ya rasa mutunci. Ya ga yadda muka yi wa ɗan'uwansa. Ni ma ina ciki, don ina ji ina gani na yi shiru."

Umma ta tashi ba ta dubi kowa ba, ta shiga ɗaki, ta fito da wayar Auta ta sa mata a hannu. Ta so ta yi magana, kuka ya ci ƙarfinta.

Abba ya sa hularsa. "Tashi, Auta. Ni na ba da wa'adi, ni zan mayar da ke."

Bai shiga shagon kai tsaye ba. Ya tsaya a ƙofa, ya sa aka kira mai kemis na kusa da tela da mai gyaran waya da duk wanda ya ga abin da ya faru ranar Laraba. A gabansu ya riƙe hannun surukinsa ya ce, "Mun zalunci yaron nan. Bai ɗauki komai ba, amanar wani ya riƙe. Wanda ya yaɗa na farko, don Allah ya yaɗa wannan." Sannan Abba ya dube shi ya ce, "Ɗana, ka yafe mana." Mai-guga ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Da mutane suka watse, suka rage su biyu a tsakanin hangogin da babu kaya. Auta ta zauna a kan kantar shagon, ta harare shi da jajayen idanu.

"Daga yau, kafin ka rantse wa wani ƙato, ka fara tambaya me rantsuwar za ta ci."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Kuma dubi yadda ka koma. Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci. Ba ya wucewa ne."

Ta yi dariya tana kuka, ta kifa goshinta a ƙirjinsa, shi kuma ya yi ta maimaita alhamdulillahi a saman kanta kamar ba zai daina ba.

Kwastomomi ba su dawo a rana ɗaya ba, don labarin sharri ya fi na wankewa saurin tafiya. Amma wanda ya dawo yakan zo da wani, yana cewa ga wurin da za ka manta sirrinka a aljihu ka kwana lafiya. Kafin shekara ta zagayo sun ƙara inji biyu. Darakta bai koma ofis ba, shi ke kula da karɓa da kai kaya gidaje, kuma ya yi ƙiba. Yaya ta yi wata uku ba ta taka titin ba. Ranar da ta zo, ta daɗe a tsaye tana murza makullin mota, sannan ta ce, "Auta, ku yafe min," da muryar da ko ita ba ta san tana da ita ba. Suka yafe. Mantawa kuwa ta ɗauki lokaci.

'Yan'uwana, aikin da za ka yi da gaskiya, ka kwanta ba ka tsoron a binciki hannunka, shi ne babban aiki, ko da me mutane suka kira ka. Gidan da ke auna 'ya'yansa da muƙami, wata rana zai tura su ga ƙarya. Wanda kuma ya riƙe alkawarin da ya ɗauka da sunan Allah, zai iya shan wuya har ya ga kamar an manta da shi, amma ba a manta ba. Auta da mijinta sun jira, sun yi kuka, kuma abin da Allah ya mayar musu ya fi abin da aka ƙwace.